Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Babbar Itaciyar da Muka Rasa

A makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗauke ni cikin ayarin masu awon itatuwa a gabashin dajin Amazon na ƙasar Barazil. Aikin ba shi da armashi ga mai kallo, domin kowace itaciya tana ɗauke da lamba a jikin ɗan ƙarfe, mu kuwa namu shi ne mu zagaya kututturenta da tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, mu rubuta kaurinta, mu wuce. Manyan su ne ke ba mu wuya, saboda gindinsu yakan baje kamar na rimi, sai an kafa tsani an auna a saman inda faffaɗan saiwoyin suka ƙare.

A filinmu akwai wata irin wadda mutanen wurin ke kira anjelin, jinsin da daga baya, a 2019, aka gano ɗaya daga cikinsa mai tsawon mita 88.5. Tamu ba ta kai haka ba, amma ranar da na fara tsayawa a gindinta na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, sai na ce ko duk dajin zai ƙare ita ce za ta saura. Dattijon da ke mana jagora ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, idan ruwa ya yanke, babba ke riga ƙarami jin ƙishirwa."

Ban fahimci maganarsa ba sai da farin 2015 zuwa 2016 ya zo. Ganye ne ke janyo ruwa daga saiwa ta cikin siraran jijiyoyin itace, kuma gwargwadon tsawon itaciya, gwargwadon ƙarfin da jan yake bukata. Idan ƙasa ta bushe, zafi ya tsananta, sai iska ta kutsa cikin jijiyoyin ta toshe su, ruwa ya kasa hawa. Ƙananan itatuwa suna fake a inuwa, ita kuwa babba kanta yana can sama, rana da busasshiyar iska suna dukansa tun safe har yamma. An gwada wannan a dajin Caxiuanã na jihar Para, inda tun 2002 aka jera faifan roba a kan hekta guda don tare rabin ruwan sama. Shekarun farko dajin ya jure, amma bayan fiye da shekara goma mutuwar manyan itatuwan ta ƙaru sosai, binciken kuma ya nuna toshewar hanyar ruwa ce ta kashe su, ba ƙarancin abinci ba. Ga kuma aradu, wadda a tsibirin Barro Colorado na Panama aka samu tana da hannu a kusan kashi 40 cikin ɗari na mutuwar manyan itatuwa.

Da muka koma awo bayan farin, daga nesa na hango haske inda a da babu shi. Rassan anjelin ɗin tamu sun zama tsirara, ɓawonta ya fara ɓanɓarewa, tsire-tsire masu yaɗo sun soma mamaye wurin, busassun ganyen da ke ƙasa kuma sai ƙaras-ƙaras suke yi, abin da ke sa gobara ta sami hanya. Abin da ya fi damuna shi ne lissafin, domin kashi ɗaya cikin ɗari na itatuwa mafiya girma suna riƙe da kusan rabin nauyin katakon daji, da iskar kabon da ke daskare a cikinsa. A ganina masu ƙirga yawan dashen da aka yi suna yaudarar kansu, tun da dubban 'yan tsirrai ba za su cike gurbinta ba a tsawon rayuwar jikokinmu.

Dattijon bai ce uffan ba. Ya riƙe mini tsani na hau na auna ta kamar kullum, sannan na rubuta a gaban lambarta cewa ta mutu a tsaye. A mako mai zuwa zan kawo labarin daren da ta faɗi, da itatuwan da ta danne.