Abin da baduku ya gano a kasuwar Risani

Duk wanda ya taɓa sayen jaka ko gafaka a shagonmu ya san halina, ba na karɓar kuɗin mutum sai na sa ya ɗauki kayan ya sunsuna, ya lanƙwasa, ya duba ciki da bai. Wasu har dariya suke yi wai Alhaji ka cika tsari. Ba tsari ba ne, kasuwa ce ta cika da leda da ake shafa wa kala a buga mata zanen fata da inji, a rataye a ce maka fatar akuya ce, kai kuma ka saya da murna an yi maka sauƙi, kafin azumi ya zagayo ta fara ɓarewa tana zubar da gari a cikin kayanka. Mu kuwa dukanci gadonmu ne, kakana ya yi, Baba ya yi, ni ma a ciki na buɗe ido a nan cikin birnin Kano, kuma har yau fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi muke aiki da ita, jimar bagaruwa, ɗinkin hannu.

To bana Allah ya nufa na bi ’yan uwa ziyara Fas a ƙasar Maroko, wajen zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Kowa ya san baduku ba zai je Fas ya dawo bai leƙa majemarsu ba, na je, na ga ramukan nan masu kala-kala da ake ta ɗauka a hoto, na ga suna jiƙa fata da kashin tattabara don ta yi laushi. A nan ne wani dattijo majemi ya nuna min wasu ’yan ƙulle-ƙulle busassu a buhu, ya ce sunansu takawut, a jikin wata bishiyar sahara suke fitowa, da su ake jeme fatar da suke ji da ita wadda suke kira filali, kuma asalin abin daga Tafilalt ne can kudu maso gabas bakin rairayi. Tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya. Abokan tafiya suka ce su Kasabalanka za su koma su yi tsaraba, ni na ce a yi min uzuri.

Hanyar doguwa ce, motar dare na shiga, aka hau duwatsu ta Ifran da Midelt inda sanyi ya kusa kashe ni duk da babbar riga da rawani, gari na wayewa sai ga kwarin kogin Ziz shar da dabino, daga nan Arrashidiya, Arfud, sai Risani a cikin yankin Tafilalt ɗin. Ƙaramin gari ne, gine-ginen ƙasa ja, kewaye da ƙauyuka masu katanga da ƙofa ɗaya da suke kira ƙasar da Larabcinsu, jam’i ƙusur. Kasuwar tana ci sau uku a mako, Lahadi da Talata da Alhamis, ni Alhamis na riska.

Abin da ya fara tsayar da ni filin jakuna ne. Fili guda aka ware, mutanen ƙauye su zo su ɗaure jakunansu su biya mai tsaro su shige kasuwa, ga kuka ga shure-shure, sai na tuna Wudil ranar Juma’a lokacin muna yara. Ciki kuma kowace sana’a da layinta, an rufe saman da kara da ganyen dabino rana na shigowa tsilli-tsilli. Layin dabino kaɗai ya isa mutum ya wuni, akwai majhul mai girma da tsada akwai bufaggus akwai wanda aka danƙare a kwando, kuma ba mai hana ka ɗanɗanawa. Ga ’yan tumaki da wani irin tumakinsu da ake kira damman, marasa ƙaho, suna alfahari da su saboda yawan haihuwar tagwaye da ’yan uku. Ga maƙera, ga masu kayan yaji da lalle da kwalli, ga masu sassaƙa ƙofa.

Mutanen kuwa a gauraye suke. Akwai Larabawan Tafilalt cikinsu har da sharifai, akwai Amazigawa irin su Ait Atta da ke gangarowa daga duwatsu da bakin sahara, akwai baƙaƙen fata irinmu da suka daɗe a wurin suna noman dabino, in ban buɗe baki ba babu mai cewa ni baƙo ne. Mata sun lulluɓe da baƙin mayafi, na wasu an yi masa ado da zare ja da kore da rawaya a gefe. Mutum ɗaya zai yi ciniki da wannan da Darija, wato Larabcinsu na kasuwa, ya juya ya yi da wancan da Tamazigt, harshen Amazigawa, ba tare da ya numfasa ba. A allunan ma’aikatu na ga rubutun Tifinag kusa da na Larabci, irin rubutun da na saba gani wajen Buzayen Agadas da ke kawo min aiki, tun 2011 tsarin mulkin ƙasar ya sa Tamazigt a cikin harsunan hukuma. Ni dai Larabcin zaure na tafi da shi, in na yi magana sai su yi murmushi, wani yaro ya ce wai ina magana irin ta liman a kan mumbari, amma ana fahimtar juna. Da aka kira azahar na shiga masallaci babu abin da ya sauya min, Malikiyya ne, karatun ma Warshu ne irin wanda muka yi a allo.

Layin dukawa ba shi da girma. A bakin hanya inda motocin masu yawon buɗe ido ke tsayawa kafin su wuce tudun rairayin Marzuga, nan aka jera jakunkuna masu ƙyalli, kai jama’a, ashe cutar tamu ta riga ni zuwa. Na ɗauki ɗaya na duba bakin yanka sai ga zaren yadi a ƙarƙashin roba, an shafa mata wani mai don ta yi wari, mai kayan kuma yana ta rantsuwa wai fatar raƙumi ce. Ban ce masa komai ba na ajiye. Sai can ciki kusa da maƙera na samu wanda nake nema, wani tsoho Ba’amazige zaune a kan buzu yana ɗinkin balga, takalman nan nasu rawaya marasa dunduniya, kusa da shi akwai jakunkunan maza masu dogon maratayi da kayan jaki da na doki. Kwastomominsa ’yan ƙauye ne, kuma na lura ba wanda ya tambayi kuɗi kafin ya juya takalmin ya ja ɗinkin da yatsa.

Na yi sallama na zauna, ya kira ni Sidi Alhaji na kira shi Baba, kafin a ce me an kawo shayi da na’ana’a. Sai ya miƙo hannu ya karɓi jakar da ke kafaɗata, wadda ni na ɗinka da hannuna, ja mai bakin korino, wato koriyar fata. Ya daɗe yana murza ta, ya kai hanci, ya buɗe ya bi ɗinkin ciki da farce yana neman inda na ɗaure zare, bai samu ba, don mu a gidanmu ba a barin ƙulli a fili. Ya ce akuya ce, na ce akuya ce. Ya ce amma ba takawut ba ce, na ce bagaruwa ce, na zaro ’yan kwanson da nake yawo da su a aljihu na ba shi, ya ɓalla ya ɗanɗana ya gyaɗa kai.

Bari in faɗa wa masu cewa kayanmu sun yi tsada abin da fata ke sha kafin ta zama jaka. Sai an jiƙa ta ta saki gishiri da datti, a sa ta a ruwan toka har gashin ya saki, majemi ya ɗora ta a kan itace ya kankare gashi da sauran nama da wuƙa mai hannu biyu, kuskure kaɗan ya huda ta shi ke nan ta tashi daga fatar jaka. Sannan a daka bagaruwa a jiƙa, a riƙa tsoma fatar ana juyawa ana murzawa ana canja ruwa har jimar ta ratsa tsakiya, in ka yanki gefe ka ga fari a ciki to da saura. A wanke, a shafa man gyaɗa, a shanya a inuwa ba a rana ba, a ja ta a buga ta har ta yi laushi. Sai rini. Jan nan da kuke so daga karan dafi yake fitowa da ɗan ruwan kanwa, baƙi daga kuloko, kore kuwa da garin tagulla ake haɗa shi kuma ba kowa ya iya ba. Duk wannan kafin ni baduku in ɗora aska a kai.

Ina ɗan shekara tara Baba ya fara ba ni basilla, amma ba fata ya ba ni ba, ragowar yanka ya tara min a kwando ya ce in yi ta huda layi a miƙe. Ba ya duba aiki da ido, lumshe ido yake ya bi da babban yatsa, in rami ɗaya ya kauce sai ya turo min abin ba magana. Yankan tsinke na saƙa kuwa, wato siraran zaren fata da ake kitsa maratayi da su, sai da na shekara ina kallo kafin a bar ni in taɓa. Allah ya jiƙan Baba, da na ga tsohon nan na Risani yana bin ɗinkina da farce shi na tuna.

Muka shiga kukan sana’a, ashe kukan ɗaya ne. Shi yana cewa yara sun gudu sun koma jan raƙuma da tuƙa Turawa cikin rairayi, ni ina ba shi labarin masu kawo mana fata da ake biya kuɗin lamba ɗaya su turo maka ɗauri rabinsa duk saran wuƙar mahauta ne, musamman fatun layya da kowa ke feɗewa da gaggawa, ga kamfanoni na kwashe masu kyau su fitar waje, ga ’yan ganda sun cinye fatar shanu ƙirgi ya yi tsada. Da na zo kan leda sai ya ɗaga hannu ya nuna bakin hanya kawai.

Takawut ɗin na saya wajen mai kayan yaji da tsohon ya haɗa ni da jikansa ya kai ni. Fatar da aka jeme da shi tana fitowa da haske sosai, shi ya sa rawayarsu ta ɓawon rumman ke kama ta tas. Gaskiya a rawaya sun fi mu, wannan ba gardama. Amma a ƙarfi da kyan ido na fuskar fata ban ga abin da ya kama ƙafar jar akuyarmu ba, kuma ba yau aka fara ba, tun zamanin ayari fatunmu ke ƙetare sahara ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa bakin teku, Turawa su saya su yi bangon littafi da ita suna kiranta fatar Maroko.

Da yamma yaron ya zaga da ni kufan Sijilmasa a gefen gari. Birni ne da aka kafa a shekarar 757, nan ayarin zinariya da gishiri ke tashi su sauka, daga nan Ibn Battuta ya kama hanyar Mali a 1352, yanzu sai guntayen katangar ƙasa da awaki ke kiwo a ciki. Muka biya hubbaren Maulaya Ali Sharif kakan sarakunan Alawiyya da ke mulkin Maroko har yau, wuri mai tsabta da dabino a tsakar gida. Abinci kuma madfuna na ci, za ka sayi namanka wajen mahauci a yanka maka ƙanana da albasa da kayan ƙamshi, ka kai wa mai gashin burodi ya cusa a cikin ƙullu ya gasa, a yanka a ci da shayi. Yaron ya so ya biya wai ni baƙon kakansa ne, da ƙyar na rinjaye shi.

Na dawo da takawut rabin buhu da ɓawon rumman da balga ƙafa biyu da na farke ɗaya don in ga yadda suke haɗa ƙasan da saman ba ƙusa ba gam. Majeminmu ya gwada takawut a kan fatar jar akuya, ta fito da wani haske da ban taɓa gani ba, yanzu haka muna yin takalma rawaya na maza da gafakar Alƙur’ani mai fuska biyu, ja na karan dafi da rawayar rumman. Kaɗan ne don kayan jimar ba su da yawa. Mai so kafin Sallah ya turo saƙo da wuri ya faɗi lambar ƙafarsa, ɗinkin hannu ne ba ma yin na gaggawa, kuma don Allah kar a turo min hoton ta leda a ce ga ta can rabin kuɗi.