Kurakuran da na yi da na'urar sauraron kiɗa mai tsada

Ƙannena masu sha'awar kiɗa, na daɗe ina son in faɗa muku abin da ya same ni bayan na yi shekara guda ina tara kuɗi na sayi na'urar sauraron kiɗa ta hannu, irin wadda ba ta da wani aiki sai fitar da sauti. Tun da kamfanin Sony ya fito da Walkman a 1979 mutane suke yawo da kiɗa a aljihu, kuma ko da Apple ya daina yin iPod a 2022, kamfanoni kamar Astell&Kern na Koriya ta Kudu da FiiO na Sin sun ci gaba da ƙera irin waɗannan na'urori domin masu son jin waƙa yadda aka ɗauke ta.

Kuskurena na farko shi ne na zuba duk abin da na tara a kan na'urar, sannan na jona mata iyafis ɗin da ya zo da wayata. Na yi mako biyu ina lallashin kaina cewa na ji bambanci, alhali kusan babu shi, domin abin da ake sawa a kunne shi ne yake mayar da wutar da na'ura ta turo zuwa sauti, kuma ba zai bayar da abin da ya fi ƙarfinsa ba. Wanda kuɗinsa bai isa duka biyu ba, ya fara da lasifikar kunne mai kyau, ya jona ta da wayarsa, na'urar ta biyo daga baya.

Bayan wannan sai matsalar waƙoƙin kansu. Na kai katin memori wurin masu tura waƙa a kasuwa aka cika mini shi, ban san cewa yawancin fayilolin MP3 ne da aka matse ƙwarai ba. Faifan CD yana ɗauke da sauti a kan kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 kuwa iyakarsa 320, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka tura mini 128 ne ko ƙasa da haka. Na'ura mai kyau ba ta rufa wa irin wannan fayil asiri. Tona shi take yi. Har na ɓata dare guda ina juya su a kwamfuta zuwa FLAC, wato nau'in fayil da ba ya yanke komai daga sauti, kafin in gane cewa abin da aka yanke wajen matsewa ba ya dawowa, girman fayil kawai yake ƙaruwa. Ranar da na samu ɗauka mai tsabta ta kiɗan goge, na ji gogar bakan a kan tsirkiya, na ji numfashin mawaƙin kafin ya ɗaga murya, na ji kalangu yana amsawa daga gefen hagu, a ranar na fahimci abin da na biya kuɗi dominsa.

Ƙurar hunturu ma ta shiga ramin da ake jona lasifikar kunne a jikin na'urar har sautin gefe ɗaya ya riƙa yankewa, saboda haka ku samar wa na'urarku jaka, kuma kada ku bar ta a mota cikin rana, domin zafi yana kashe batir.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kunnena. Da na samu hali na sayi babbar lasifikar kunne mai buɗaɗɗen baya, irin wadda iska take ratsawa, wadda aka yi domin sauraro a ɗaki shiru. Ni kuwa da ita nake shiga Keke Napep safe da yamma, da ita nake zama a shago janareta yana ruri a bakin ƙofa. Hayaniya tana shigowa, ni kuma ina ƙara sauti domin in danne ta. A nan haɗarin kaya masu kyau yake: iyafis mai araha idan aka ƙure shi sautinsa yakan tsage, kunne ya gaji, mutum ya rage da kansa, amma na'ura mai ƙarfi da lasifika mai kyau suna ba ka sauti garau komai ƙararsa, don haka babu abin da zai gargaɗe ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai desibel 90 lokacin yana raguwa zuwa awa 4, a desibel 100 kuwa minti 20 ne kacal. Ni ina yin awa uku ko huɗu a kullum. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siraran gashi da suke karɓar girgizar sauti su miƙa wa jijiya, kuma idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Alamar farko da na gani ita ce wani siririn fito a kunnen hagu bayan na cire lasifikar, wanda yakan ɗauke kafin gari ya waye, sai na raina shi. Bayan wata shida ya daina ɗaukewa. Mahaifiyata ce ta fara lura cewa ina yawan cewa "na'am, Inna?" idan ta yi magana daga tsakar gida, ita ce kuma ta matsa mini na je asibiti, inda gwaji ya nuna cewa jin sautuka masu kaifi ya ragu a wannan kunnen.

Don haka nake roƙonku, idan za ku saurara a hanya ko a wuri mai hayaniya, ku yi amfani da lasifika mai rufaffen baya ko wadda take toshe ramin kunne, ku daidaita ƙarar tun kuna ɗaki shiru, kada ku taɓa ta bayan kun fita, kuma kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari. Idan kun ji fito ko kunne ya yi muku dum bayan sauraro, ku ajiye na'urar kwana biyu, idan bai wuce ba ku ga likitan kunne. Ni yanzu sai bayan isha'i nake saurare, a ɗaki, na awa guda, kuma idan waƙa ta ƙare shiru ya biyo baya, fiton nan na kunnen hagu yana nan.