Wa ya taɓa kwamfutar nan jiya?

Shagona yana wani lungu kusa da titin Zoo a Kano, ɗaki biyu da 'yar baranda. Aikinmu ɗaukar bidiyon biki da tace shi: kamu, ɗaurin aure, dina, kai amarya, wani lokaci suna ko saukar karatu, jefi-jefi kuma tallar ɗan kasuwar da ke son a ga hajarsa a Instagram. Mu biyar ne, ni da masu kyamara biyu da yara biyu masu koyon tacewa. Kwamfutocin tacewarmu uku. Biyu manhajar tace bidiyo ta kamfanin Adobe mai suna Premiere Pro muke aiki da ita a kansu, ɗayar kuma wata manhajar, DaVinci Resolve, saboda gyaran kala.

Mutane sun ɗauka wahalar sana'ar nan duk a wurin ɗauka take, tsayuwa cikin rana da turereniya da ƙawayen amarya masu ɗaga waya a gaban kyamara. Akwai wannan, ban musa ba. Amma bikin kwana uku yakan bar mana hotuna na awoyi masu yawa a memori, kuma a ɗakin tacewa ake mayar da su abin da uwar amarya za ta zauna ta kalla ba ta yi tsaki ba. Da kaset ɗin Mini DV na koyi aiki, lokacin da sai ka jona kyamara da kwamfuta ta wayar FireWire, kaset na awa ɗaya ya ci maka awa ɗaya cur kafin ya gama shiga. Yanzu an huta da wannan. Abin da ba a huta da shi ba shi ne ranar da za ka danna manhaja ta leƙo, ta nuna maka tambarinta, ta ɓace kamar ba a kira ta ba.

Wata Alhamis haka ta faru da mu, bayan isha'i. Muna da aikin wata Hajiya da ta aurar da 'yarta, ta ce lallai tana son gajeren bidiyo na minti goma da za a haska a walimar Asabar, cikakken kuma ya biyo baya. An yi kusan kashi uku cikin huɗu na aikin. Na dawo daga masallaci na tarar da ƙaramin yarona ya yi tagumi a gaban babbar kwamfuta.

"Oga, ta ƙi buɗewa."

Na danna Premiere ɗin da kaina. Tambari ya fito, 'yan rubuce-rubuce suka yi ta wucewa a jikinsa, sai ɗif. Ba saƙo, ba komai. Na sake, haka. Babban yaron, wanda ya ɗan fi wayo, ya ce, "Oga, ko a kai ta wurin masu gyara na titin Beirut gobe da sassafe a yi mata fomat?"

Wannan kalma ta fomat, wato a share faifan kwamfuta a sake sa mata Windows, ta cuci masu sana'armu ba kaɗan ba. Mai gyara ba mugu ba ne, amma shi abin da ya sani shi ne ya dawo maka da kwamfuta tana tashi, ba ruwansa da inda aikinka yake kwance. Wanda ke aiki da Premiere yana da ɗan sauƙi, domin kowane aiki fayil ne da kake gani, kana iya kwafe shi a filashi. Resolve ba haka take ba. Ayyukanta a wata ma'ajiya tata take tara su, wadda idan ba ka sauya mata wuri ba tana can ɓoye cikin foldar AppData, a faifan da Windows yake. Wani abokin sana'ata ya kwashe duk hotunan bikin zuwa wani faifai, ya ɗauka ya tsira, aka yi fomat, ya dawo ya tarar hotuna suna nan amma yanka da jerin da ya yi na mako biyu sun bi ruwa. Da ya fitar da kowane aiki a matsayin fayil mai ƙarshen drp, da bai yi wannan kuka ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Saboda haka na ce ba inda za a kai ta. Na ja kujera na yi tambayar da nake yi kullum in haka ta faru: wa ya taɓa kwamfutar nan daga jiya zuwa yau, kuma me ya sa mata? Duk suka ce ba su taɓa komai ba. Ban taɓa yin wannan tambaya aka amsa min da gaskiya a karon farko ba, ni ma da nake yaron shago ban amsa ba.

Dalilin tambayar shi ne, manhajar da ta yi aiki lafiya jiya ba ta lalacewa da kanta cikin dare. Idan tana tashi, kiran suna take yi kamar malamin aji. Za ta karanta fayil ɗin saitinta, ta nemi katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, ta hanyar direbansa, 'yar manhajar da ke sa katin aiki, ta duba na'urar sauti, ta bi fulogin ɗaya bayan ɗaya, wato ƙananan kayan ƙari da ake liƙa mata, ta leƙa salon rubutun da ke cikin kwamfutar. Duk wanda ya amsa mata da shirme a cikinsu, a nan take faɗuwa. Shi ya sa goge manhajar a sake sa ta sau da yawa ba ya maganin komai. Ka ƙona data, ka ɓata awa biyu, sabuwar ta tashi ta je ta karanta wancan gurɓataccen fayil da tsohuwar ta bari, ta faɗi a daidai inda waccan ta faɗi.

Na fara da mafi arha. A Premiere, idan ka riƙe maɓallin Alt lokacin da take tashi, tana mayar da saitinta yadda ya zo daga kamfani. Sababbin fitowa ma akwati suke nuna maka, ka zaɓi abin da kake son a share. Ni dai na fi son in bi ta hannu: in shiga Documents, in shiga Adobe, in nemo foldar saitin, in sauya mata suna kawai. Manhaja za ta neme ta ta rasa, ta ƙirƙiri sabuwa. Idan ba nan matsalar take ba, sai in mayar da sunan, gajerun maɓallan da na shekara ina tsarawa suna nan ba su tafi ba. Wannan dabara ta cece mu fiye da sau biyar, kuma kusan kullum bayan an ɗauke wuta ne kwamfuta ta mutu tana tsakiyar rubuta saiti, fayil ɗin ya tsaya rabi. Tun da na sayi UPS wa kowace kwamfuta wannan ciwo ya yi sauƙi. A Resolve fayil ɗin da ake yi wa haka sunansa config.dat.

Daren nan bai yi aiki ba. Na share tarkacen wucin gadi da manhajar ke tarawa a Media Cache, wanda ba ya taɓa ainihin hotunanka, sake gina shi kawai take yi. Shi ma shiru.

Sai zargina ya koma kan direban katin hoto, domin shi ne babban wanda ake tuhuma a irin wannan shari'a. Manhajojin tacewa na yanzu sun jingina sosai da katin hoto, Resolve ma ta fi, idan ba ta ga katin da ta gamsu da shi ba ko ƙofa ba za ta buɗe maka ba. Akwai wurin da Windows ke rubuta duk abin da ya faɗi, Event Viewer. Ka shiga Windows Logs, ka shiga Application, ka nemi jan tambari na daidai lokacin da manhajar ta mutu. A ciki za ka ga sunan fayil ɗin da aka faɗi a kansa. In ya fara da nv, na katin NVIDIA ne. In ya fara da ig, na Intel ne. In ati ko amd ne, na AMD ne. Yawancin masu tacewa da na sani ba su taɓa buɗe wurin nan ba, alhali minti biyu ne, kuma ya fi duban da ake yi da ka. Idan direba ne, magani shi ne a cire shi tsaf, har da saiwarsa, da 'yar manhajar nan DDU, sannan a sa wanda aka san yana aiki. Masu katin NVIDIA su nemi direban Studio, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 2019 domin masu irin aikinmu, ba na masu wasan gem ba. Ni ina da filashi guda da na ajiye direban da kowace kwamfuta ta zauna lafiya da shi, kuma doka ce a shagona ba a sabunta komai muddin akwai aikin da ba a miƙa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma sunan da na gani a Event Viewer daren nan ba na katin hoto ba ne. Wani baƙon suna ne da ban sani ba.

Na ce wa babban yaron ya kawo wayarsa, ya saita kyamarar a kan ɗauka mai tafiyar hawainiya, ya ɗauki fuskar kwamfutar ina danna manhajar. Rubutun da ke wucewa a jikin tambarin sunayen abubuwan da take lodawa ne, sai dai gudunsu ya fi ido. Muka mayar da bidiyon a hankali muka ga inda ta tsaya. Wani lokaci sunan ƙarshe da ka gani shi ne mai laifin, wani lokaci na bayansa ne da bai samu fitowa ba, amma dai ka san unguwar. Ta wuce nata na gida lafiya, ta zo kan waɗansu da ba na kamfanin ba, ta faɗi.

Na juya na kalli ƙaramin. Ya sunkuyar da kai.

"Oga, wallahi ado ne kawai. Wani abokina ne ya ba ni a filashi, irin wanda hoto ke juyawa yana walƙiya. Na ga Hajiya za ta so."

Kayan ƙarin nan suna zama ne a wata folda mai suna MediaCore, cikin Program Files, ƙarƙashin Adobe da Common, kuma duk fitowar Premiere da ke kwamfutar daga nan take ɗiba. Da mun goge manhajar mun sake sa ta, da sun zauna daram suna jiranta. Na kwashe duk abin da ba mu muka sa ba zuwa wata folda a gefe, na danna. Ta buɗe. Aikin Hajiya yana nan yadda aka bar shi. Sai na riƙa mayar da su rabi-rabi ina gwadawa, har na ware guda ɗaya, tsoho ne da aka yi wa wata fitowa ta shekarun baya. Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna muka koma bakin aiki.

Ban yi wa yaron faɗa sosai ba. Niyyarsa mai kyau ce, kuma ni na bar kwamfutar a buɗe kowa na iya sa mata abin da ya ga dama. Washegari na yi wa yaran asusu nasu daban wanda ba ya iya girka komai sai da kalmar sirrina. Abin da na fi ja masa kunne a kai shi ne filashin abokai. Kayan da aka fasa aka raba kyauta ba ka san abin da aka cusa a ciki ba, kuma mu hotunan matan mutane ne a hannunmu, amarya da danginta cikin kwalliya a tsakar gidansu. Ranar da irin wannan ya fita ta kwamfutarka, ba manhaja ce kawai za ta rufe ba. Na san kuɗin wata-wata da Adobe ta koma karɓa tun 2013 yana da nauyi ga mai samun naira yana biya da dala. Wanda ba zai iya ba, Resolve tana da ta kyauta ta halal daga kamfanin Blackmagic Design, kuma ta ishi bidiyon biki har da saura.

Akwai nau'i ɗaya da duk waɗannan dabaru ba sa yi masa magani, na kuma ɗanɗana shi da aljihuna. Na taɓa sayen wata kwamfuta ta hannu, babba, mai ƙwaƙwalwa da yawa, farashi mai daɗi. Tsohuwar Premiere ta hau ta zauna, sabuwa ta ƙi. Ashe daga fitowa ta 24 manhajar tana buƙatar injin, wato processor mai yi wa kwamfuta lissafi, da ke da wani abu da ake kira AVX2, wanda Intel ta fara sawa a injinanta na ƙarni na huɗu a 2013, ita kuwa tawa ta girmi haka. Ba direba, ba saiti, ba fomat da zai sa mata abin da ba a ƙera ta da shi ba. Yanzu kafin in biya kuɗin kwamfuta sai na duba lambar injinta na gwada da abin da kamfanin manhajar ya rubuta yana buƙata. Waccan tana nan a baranda, da ita muke kwafe memori da buga rasit.

Hajiya ta aiko direbanta ranar Juma'a bayan la'asar ya karɓi filashin. Da daddare ta kira.

"Ɗana, aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Amma wurin da ƙanwata ta Kaduna ke liƙi, ka yanke shi da wuri. A cikakken ka bar ta ta gama."

Na ce to Hajiya, in sha Allahu. Na rubuta a littafin aiki, ƙarƙashin sunan bikin: ƙanwa ta Kaduna, leshi ruwan goro, a bar ta ta gama.