Wasiƙa daga Biyana zuwa ga mutanen Damagaram

Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwana na Birni, Zango, Sabon Gari da Garin Malam. Ina gaishe ku daga Biyana, babban birnin Ostiriya.

Ƙanena ne ya kira ni da dare, ya ce mai gida ya ƙara masa jika biyar a kuɗin haya, in ba zai iya ba ya kwashe kayansa. Ɗaki ɗaya ne, shi da matarsa da yara huɗu. Da zafi a tsakar gida ake kwana, da damina kuwa ido na kan katanga, tun da kowa ya ga yadda ruwan 2024 ya kayar da tsohon masallacin Birni. Ranar ban yi barci ba.

Garin da nake zaune ya taɓa fin haka muni. Kafin yaƙin duniya na farko, a nan har gado ake ba da haya: mai aikin dare ya kwanta da rana, yamma ta yi ya tashi mai gadon ya hau. Famfo ɗaya ne a baranda, gidaje da yawa ke ɗiba. A 1917 gwamnati ta taka wa ƙarin haya da korar ɗan haya birki. Talaka ya numfasa, amma masu kuɗi suka daina gini, don babu riba. Wanda ke ciki ya tsira, wanda ke waje ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa.

Sai hukumar birni ta shiga ginin da kanta. A 1923 ta sa harajin gina gidaje, wanda nauyinsa ya fi faɗa wa masu manyan gidaje. Filaye sun yi arha a lokacin, ta yi ta saye. Zuwa 1934 ta gina gidaje sama da 60,000. Na je ɗaya daga cikin gine-ginen nan, Karl-Marx-Hof, wanda aka buɗe a 1930, tsawonsa ya wuce kilomita ɗaya. Na zauna a filin tsakiya, tsofaffi na shan hantsi, yara na guje-guje a ƙarƙashin itatuwa. Tun farko an yi masa wurin wanki, wurin wanka da wurin renon yara. A jikin irin waɗannan gine-gine an rubuta da manyan baƙaƙe cewa hukumar birni ce ta gina, da shekarun ginin, wasu har da cewa da kuɗin harajin aka yi. Wallahi rubutun nan ya fi komai taɓa ni: mutum ya biya, kuma ga abin da ya biya yana kallo. Yau hukumar birnin na da gidaje wajen 220,000 a hannunta.

Na san aljihun Damagaram ba na Biyana ba ne, ko ruwan sha har yanzu sai da ƴan ga-ruwa. Amma ƙasa muna da ita. Ranku ya daɗe shugabannin hukumar gari, don Allah duk sabuwar unguwar da za a yanka, a ware kaso ya zauna a hannun gari, kada a sayar. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ƙananan ma'aikata su ne farkon masu buƙata. Ko ɗaki talatin ne na jar ƙasa, maginanmu sun iya, a fara da su.

A gaida mini Hajiya, a faɗa mata na aika da hayar wata biyu.