Inci uku a bakin mai bana, foyin 300 a kwamfuta

A shagon buga takardu da nake aiki, kowa da ma'aunin da yake shigowa da shi. Mai bana, wato babban kyallen talla, da ƙafa yake magana, ya ce shida da huɗu. Mai katin ɗaurin aure da yatsunsa yake nuna girman. Takarda kuma milimita ta sani, A4 tana da 210 a faɗi, 297 a tsawo. CorelDRAW kuwa, manhajar zane da muke aiki da ita a kwamfuta, in ana maganar harafi, foyin (point), ma'aunin girman rubutu, take tambaya.

Lissafin da na haddace kaɗan ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, kuma foyin 72 ne a cikinsa. Ke nan foyin ɗaya bai wuce milimita 0.35 da ɗan ɗoriya ba, ƙafa ɗaya kuma foyin 864. Akwai faika, foyin 12, wadda masu tsara jarida ke auna faɗin layi da ita. Ni dai ban cika taɓa ta ba. Wannan 72 ɗin ma na zamanin kwamfuta ne, kamfanin Adobe ya daidaita shi haka. Foyin na tsofaffin maɗaba'un Amurka 72.27 ne a inci, na Didot da aka yi amfani da shi a Faransa kuma ya fi duka kauri, kusan milimita 0.376.

Inda lissafi ke yaudarar mutum shi ne tsayin harafi. Wani bawan Allah ya kawo aikin banar shagonsa, ya ce: "Malam, sunan ya kai inci uku, a hango shi daga titi." A lissafi, uku sau 72 foyin 216 ne. Amma in ka sa 216, inci biyu da ɗan kai za ka samu. Dalili kuwa, foyin ba baƙin yake aunawa ba, gurbinsa yake aunawa, gadon zamanin haruffan dalma: har da filin wutsiyar g da y a ƙasa. Babban baƙi a salon rubutun Arial kusan kashi 72 cikin 100 na gurbin yake ci. Sai da na kai foyin 300 kafin H ta cika inci uku.

Wani salon rubutun kuma rabonsa daban. Shi ya sa a aikin bana nake mayar da rubutun zane, in rubuta tsayin da inci kai tsaye, sannan in buga harafi ɗaya a A4 in ɗora masa rula a gaban mai kaya kafin a kai wa injin.