Tarihin Rayuwata, kashi na 7: "Hoto ba ya biyan saniya"

Assalamu alaikum 'yan uwa, wancan sati na tsaya inda na baro Tawa na sauka Yamai da kyamara ɗaya ta aro. Shekarun da na yi ina ɗaukar hoton biki da suna ba zan daɗe a kansu ba, abinci ne kawai. Maganar Kawu ce ta hana ni barci yau ma, Allah ya jiƙansa, shi ne ya ce mini hoto ba ya biyan saniya, a gaban Inna ya faɗa, kuma ba ta ce uffan ba.

A 2011 na fara shiga gandun dajin W, mun bi ta Sayi da Tamu har Tapowa, kusan kilomita 150 daga Yamai, da bazara ne lokacin da ruwa ya janye namun daji duk suna taruwa bakin kogin Mekuru. Giwa na gani, ɓauna na gani har na gaji, amma zaki kwana 9 sai sawu da gurnani cikin dare, ma'aikacin gandun dajin da ke tare da ni yana ta cewa malam haƙuri, ba kai kake nemansa ba shi ke yarda a gan shi. Safiyar kwana na 10 sai ga zakanya da 'ya'ya biyu kwance cikin busasshiyar ciyawa, hannuna na rawa wallahi, hoto huɗu na ɗauka ɗaya ne ya fita.

Shi na wanke babba na kai Tawa da sallah. Kawu ya riƙe shi ya daɗe yana kallo sannan ya ce nawa aka ba ka? Na ce ba a ba ni komai ba Kawu. Ya miƙo mini.

Ni fa ban ce ba shi da gaskiyarsa ba, ina yaro kura ta kashe masa maraƙi biyu, ya zuba guba a mushe, da safe muka tarar da kura da ungulu zube, ni na riƙe masa gwangwanin, wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Bincike da aka fitar a 2014 ya ce zakin da ya rage a Afirka ta Yamma duka wajen 400 ne, mafi yawansu a gandun dajin W da maƙwabtansa na Arli da Penjari, da na ji sai gwangwanin nan ya faɗo mini a rai.

Tun harin da 'yan bindiga suka kai Kure, yankin raƙuman dawa, a Agustan 2020 aikin ya tsaya, ga rashin tsaro ya rufe mana hanyar Tapowa, ban san ko 'ya'yan zakanyar nan sun girma ba. Bayan rasuwar Kawu Inna ta ce in je ɗakinsa in ɗauki abina, ashe hoton da na bari kan tabarma ranar shi ya ɗauka, yana cikin akwatinsa ƙarƙashin rigunan sallah. Sati mai zuwa zan ba ku labarin tafiyata tsaunukan Termit in Allah ya kai mu.