Tef ɗin tela da wuyan ɗana

A Gombe mun fi sanin tamowa, shi ya sa in yaro ya cika kumatu sai ka ji ana "ma sha Allah, hutu ya karɓe shi." Ɗana na da shekara 13 fatar bayan wuyansa ta yi baƙi, ta yi kauri da laushi. Kakarsa ta ce dauɗa ce. Aka dirje shi da soso, abin ko gezau.

Likita ta ce alama ce jiki ya fara bijire wa insulin, sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka. Ta auna ƙugunsa da hawan jini, ta sa a ɗibi jini kafin ya karya kumallo. A ma'aunin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2007, ɗan shekara 10 zuwa 16 ya shiga haɗari in yana da tumbi tare da biyu cikin huɗu: hawan jini ya kai 130/85, sukari ya kai 100, mugun kitse ya yi yawa a jini, ko mai amfanin ya yi ƙasa. Nasa sukari ne da kitse. "Bai kamu ba tukuna, Hajiya," in ji ta, "amma hanyar ciwon sukari da na zuciya ke nan."

Abin da na fara ganewa shi ne ba a ware wa yaro kwano. Ba zai yiwu ƙannensa na shan lemon kwalba shi yana kallo ba, don haka tukunyar gidan duka ta canza. Ƙaramar kwalba ɗaya kan ɗauki kusan cokalin shayi tara na sukari. Muka koma zoɓo da citta da kanumfari, tuwon dawa da miyar kuka, wake, kwaɗon zogale. Taliya da fanke suka zama na jefi-jefi. Kuɗin tara da yake tafiya da shi makaranta na mayar da shi dafaffen ƙwai da gyaɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara su motsa jiki minti 60 kullum. Islamiyya a ƙafa yake zuwa yanzu, da la'asar kuma ƙwallo.

Inna ce ta fi wuyar shawo kai, don a wurinta ciyar da jika ƙauna ce, kuma ban ga laifinta ba. Sai da ta ji daga bakin likita ta daina ɓoye masa cincin a ɗakinta.

Yanzu tef ɗin tela na rataye a ƙusa, muna duba kada ƙugu ya wuce rabin tsayi. A taron iyaye da malamai na roƙi a riƙa yi wa ɗalibai wannan awon kowane zango, a kuma duba abin da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta.